Zura da Zarra: Hoton Iska da Jinin Huhu, da Nisansa daga Mafaza

Duk wanda ya yi karatun allo a Mafaza, in ka rubuta masa baƙaƙe uku, zalun da ra da ta-kuri, ba ka sa musu wasali ba, sai ya ɗago kai ya tambaye ka wacce kake nufi. In ka yi wa zalun rufu'a, kalmar ta zama zura, dawa ke nan da Larabci, abincin da ya sa ake kiran jihar Gadarif rumbun Sudan. In kuwa fataha ka sa mata, ka ƙarfafa ra, ta zama zarra, ƙwayar nan da ido ba ya gani, wadda masana kimiyya suka ari sunanta suka ba tushen makamashin nukiliya. A Khartum akwai asibitin da aka buɗe a 1967 don jinyar masu ciwon daji da yin gwaje-gwaje da sinadaran nukiliya. Sunansa na takarda dogo ne, ba mai wahalar da bakinsa da shi. Kowa Mustashfa Zarra yake cewa. Manomin Gadarif da ya ga sunan a takardar likita, ba za a ga laifinsa ba in ya karanta shi asibitin dawa, don a rubuce ba abin da ya raba su.

A aikace kuwa sun yi hannun riga. Dawa tana jira. A zuba ta a rumbu, ko a binne ta a ramin da mutanen Sudan ke kira maɗmura, ta ga damina biyu tana nan. Zarrar da likita ke ɗaukar hoton huhu da ita ba ta jiran kowa: cikin awa shida rabinta ya tafi, kafin gari ya sake wayewa abin da ya rage bai taka kara ya karya ba.

Mafaza tana gaɓar Rahad, kogin da ke gangarowa daga tsaunukan Habasha da damina, ya bi ta Hawata, ya je ya faɗa Nilul Azrak ƙasa da Madani kaɗan. Da rani yakan ƙafe ya bar tafkuna. Hausawan da ke wannan gaɓa jikokin matafiya ne. Wasu kakanninsu sun taso daga Kano da Katsina da Damagaram da niyyar hajji, suna tafiya suna yada zango, su yi noma shekara biyu ko uku su tara guzuri, su ƙara gaba. Wasu sun biyo ayarin da ya yi gabas bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ayarin da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya zaunar a garin da har yau ake kira Maiwurno, kusa da Sinnar. Mutane ne da suka gaji wata irin fahimtar lokaci: in bana ba a kai ba, baɗi a kai, mai haƙuri yakan dafa dutse. Akwai cututtuka da yawa da wannan hali ke yi wa daidai. Wadda za mu yi magana a kanta ba ta cikinsu.

Mai jego da numfashi sama-sama

A ɗauka wata mai jego ce, kwana goma sha biyu da sauka. An yi suna, baƙi sun watse. Tun shekaranjiya take cewa sharaɓarta ta hagu ta yi nauyi, aka ce gajiyar haihuwa ce. Yau da hantsi ta miƙe za ta ɗauko ruwa, sai numfashi ya sarƙe mata. Zuciya na bugawa da sauri, gefen ƙirji na sukar ta duk sa'ad da ta ja iska. Uwar miji ta ce sanyi ne ya kama haƙarƙari. Maƙwabciya ta ce iska ce. A asibiti aka gwada zazzaɓin cizon sauro, aka saurari ƙirji, ba a ji wani abin kirki ba. In an yi sa'a akwai na'urar hoton ƙirji da wutar kunna ta, hoton ma ya fito fes.

Likitan da ke gabanta yana da zato uku ko huɗu, kuma maganin kowanne daban. Yana iya zama ciwon haƙarƙari, a ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta. Yana iya zama zuciya ce ta gaza bayan haihuwa, ciwon da likitocin asibitin koyarwa na Zariya, ciki har da Eldryd Parry, suka yi ta rubutu a kansa a shekarun 1970, suna danganta yawansa a ƙasar Hausa da wankan jego da ruwan zafi da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi da shan kunun kanwa. Yana kuma iya zama abin da a Sudan ake kira jalɗa: gudan jini da ya daskare a jijiyar ƙafa, ya ɓalle, ya bi jini ya ratsa zuciya, ya je ya toshe jijiyar huhu.

Bajamushen likita Rudolf Virchow ne ya fara bin sawun wannan tafiya a tsakiyar ƙarni na 19, ya nuna cewa gudan da ake samu a huhun gawa ba a can aka haife shi ba, baƙo ne daga ƙafa ko ƙugu. Abubuwa uku ke sa jini ya dunƙule a jijiya: ya daina gudu, ko bangon jijiyar ya ji rauni, ko jinin kansa ya ƙara saurin daskarewa. Mai ciki da mai jego sun haɗa ukun. Haka wanda aka yi wa tiyata ya daɗe a kwance, da mai ciwon daji, da mai sikila, da wanda ya karye a cinya aka ɗaure shi a gidan maɗori mako shida bai taka ƙasa ba.

Akwai kuma zama. A 1940, lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai a Landan, likitan binciken gawa Keith Simpson ya lura mutuwar fuju'a ta toshewar huhu ta ƙaru ƙwarai, kuma mamatan mutane ne da suka kwana a zaune kan kujerun naɗewa a maɓoyar ƙarƙashin ƙasa, katakon kujera na danne musu bayan gwiwa. Duk wanda ya ga yadda aka riƙa cusa mutane a bayan loruri daga Khartum da Madani da Sinja zuwa Gadarif a 2023 da 2024, ƙafa a lanƙwashe yini da kwana, ba ruwan sha isasshe, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Hawasha a cikin ƙirji

Hanya mafi sauƙi ta gane abin da gwajin hoton huhu da zarra ke nema ita ce a fita gonakin noman rani na Rahad ko na Jazira. Ruwa yana tasowa daga babbar tur'a, wato babbar hanyar ruwa, ya shiga ƙanana, daga nan ya faɗa magudanar da manoma ke kira abu ishirin, daga ita sai abu sitta, wadda ke kai shi cikin hawasha, wato gonar manomi. In ciyawa ko laka ta toshe abu sitta, hawasha ɗaya ce za ta bushe. In abu ishirin ce, jerin gonaki ne. In babbar tur'a ce, shekara ta lalace. Kuma bushewar tana da siffa: tana farawa daga bakin toshiyar, ta yi ta faɗi tana gangarawa, gonar da ke gefe tana nan kore shar.

Jijiyoyin huhu haka suke. Duk jinin da zuciya ke turawa, wajen lita biyar a kowane minti ga babban mutum da ke hutawa, sai ya ratsa huhu kafin ya koma jiki. Babbar jijiya ta rabu biyu, dama da hagu. Huhun dama yana da ɓangare uku, na hagu biyu. Kowane ɓangare ya sake rabuwa gida-gida, har a kai ga jijiyoyin da suka fi gashi siranta nesa ba kusa ba, waɗanda ke naɗe da 'yan jakunkunan iska, miliyan ɗari uku zuwa biyar. A nan ake cinikin rai: iska ta ba jini abin da ta kawo, jini ya miƙa mata dattin da ya kwaso. Ciniki ba ya yiwuwa sai mai saye da mai sayarwa sun haɗu a rumfa ɗaya. Gudan jini ba ya hana iska shiga. Tana shiga, ta iske rumfa ba kowa, ta fita yadda ta zo. Shi ya sa maras lafiya ke ta haki alhali ƙirjinsa ba majina, kuma shi ya sa hoton ƙirji na yau da kullum, wanda inuwar ƙashi da nama kawai yake gani, ke fitowa ba tabo.

Huhu yana da wata dabara da ta sa gwajin ya yi ma'ana. Inda iska ba ta isa, saboda majina ko tarin tibi ko asma, jijiyoyin wurin sukan tsuke da kansu su karkatar da jini zuwa inda iska take, kamar yadda gafir mai tsaron ƙofar ruwa ke rufe wa gonar da ba a shuka ba. Masana biyu na Suwidin, von Euler da Liljestrand, suka bayyana wannan a 1946. Saboda haka in aka ga wuri ba iska ba jini, laifin na hanyar iska ne. In aka ga iska ta cika wuri amma jini bai je ba, kuma ramin ya yi siffar tsinin da ke faɗi zuwa bango, to an toshe tur'a. Gwajin gaba ɗaya ke nan: hoto biyu, a jera su, a ga inda suka saɓa. Likitoci suna rubuta shi V/Q, harafin farko na iska, na biyu na gudun jini.

Yadda ake yinsa ba shi da ban tsoro kamar sunansa. Maras lafiya zai sa bututu a baki ya shaƙi wani tururi maras ɗanɗano na 'yan mintoci. A wasu wurare feshin ruwa ne mai ɗauke da sinadarin teknishiyom. A wasu kuma Technegas ne, wani hayaƙin gawayi mai laushi ƙwarai da William Burch ya ƙirƙiro a Kanbera ta Ostareliya a shekarun 1980, wanda Amurka ba ta amince da shi ba sai a 2023. A 'yan wurare kaɗan iskar kiripton ce, mai rasa rabin ƙarfinta cikin daƙiƙa 13. Sai ya kwanta ƙarƙashin kyamarar gama, na'urar da Hal Anger ya ƙera a Kalifoniya a ƙarshen shekarun 1950. Ita ba ta harba komai cikin jiki. Saurare kawai take yi, tana ƙirga ɗigon hasken da ke fitowa daga ƙirji, tana jera su har su zama hoto.

Bayan haka sai allura a hannu. Abin da ke cikinta shi ne ya fi ba ni mamaki tun ran da na fara fahimtarsa. Furotin ne na jinin ɗan Adam da aka dunƙule shi ƙananan gudaji, aka liƙa wa kowane teknishiyom, guda dubu ɗari biyu zuwa ɗari bakwai a allura ɗaya. An yi su da gangan su fi ƙananan jijiyoyin huhu kauri kaɗan, don su maƙale. Wato likita yana neman toshiya ne ta hanyar jefa nasa toshe-toshen. Sai dai nasa ba su kama fiye da jijiya ɗaya cikin dubu, kuma cikin sa'o'i sun narke. Duk inda jini ke zuwa, sun je sun zauna suna haske. Inda bai zuwa, duhu. George Taplin a Los Anjalis da Henry Wagner a Baltimo ne suka kai wannan dabara ga marasa lafiya wajen 1963 da 1964. Aikin duka bai cika wuce awa ɗaya ba, kuma hasken da jiki ke sha bai kai ko ya yi daidai da wanda kowannenmu ke sha a shekara guda daga ƙasa da duwatsu da sararin sama ba tare da ya je asibiti ba.

Saniyar da ake tatsa da asuba

Teknishiyom ba a haƙo shi. Perrier da Segrè ne suka fara gano shi a 1937 a birnin Falarmo na Italiya, a jikin wani guntun ƙarfe da aka aiko musu daga Amurka, kuma sunansa ma daga kalmar Girkanci mai nufin abin da hannu ya ƙera aka samo shi. Nau'insa da asibiti ke amfani da shi, wanda kusan kashi 80 cikin 100 na hotunan nukiliya a duniya suka dogara da shi, yana rasa rabinsa duk awa shida. Bayan awa goma sha biyu saura rubu'i. Bayan kwana guda saura ɗaya bisa goma sha shida. Ba mai iya saro shi a Alƙahira ya kawo Gadarif.

Abin da ake safara shi ne uwarsa, molibdenom, wadda ke rasa rabinta cikin awa 66, tana rikiɗewa a hankali tana zama teknishiyom. Ana ɗaure ta a wani ɗan bututu cikin tukunyar dalma mai nauyi, dabarar da aka fito da ita a ɗakin binciken Brookhaven na Amurka a 1958. Kowace safiya ma'aikaci ya zuba ruwan gishiri ta sama, ya tari teknishiyom ta ƙasa. Masu aikin saniya suke kiran tukunyar, aikin kuma tatsa. Ba ni na laƙaba mata ba, ko da yake da Bafulatanin Maiwurno aka tambaya, da sunan da zai ba ta ke nan. Sai dai saniya ce mai ramewa tun ran da aka saye ta. Kowace awa tana rasa wajen kashi ɗaya cikin ɗari. Bayan mako guda nononta bai kai kashi ɗaya cikin biyar na farko ba. Bayan mako biyu sai a mayar da tukunya a karɓo sabuwa.

Ita kuma uwar ana samun ta ne ta fasa yuraniyom a cikin tukwanen nukiliya 'yan ƙalilan: Petten a Holan, Mol a Beljiyom, ɗaya a Folan, ɗaya a ƙasar Cek, ɗaya a Ostareliya, da SAFARI-1 a Pelindaba ta Afirka ta Kudu, wadda ke aiki tun 1965. Da tukunyar Kanada ta tsaya a 2009, asibitocin Turai da Amurka ma sai da suka riƙa ɗage gwaje-gwaje. Abin da ke ɗan sosa rai shi ne, tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit ta Nijar, kuma da Hausa ake ciniki a kasuwar garin. A Zariya akwai ƙaramar tukunyar bincike a Jami'ar Ahmadu Bello tun 2004, amma ƙarfinta wajen kilowat 30 ne, ba a yi ta don wannan aiki ba. Daga Yamai, inda Jami'ar Abdou Moumouni ke da cibiyar sinadaran nukiliya, zuwa Abuja da Ibadan, zuwa Khartum, kowa jirgin sama yake jira.

To a lissafa abin da hoto ɗaya ke buƙata. Tukunyar nukiliya a wata nahiya ta yi aiki a makon. Jirgin da ya yarda ya ɗauki irin wannan kaya ya tashi a kan lokaci. Kuɗin waje su fita daga banki. Jami'in kwastan ya sa hannu ran da kaya suka sauka, ba ran da ya dawo daga ta'aziyya ba. Wuta ta tsaya cak, ɗaki ya yi sanyi, domin zuciyar kyamarar wani faffaɗan ƙanƙaran gishiri ne da ke tsagewa in zafi ya sauya masa farat ɗaya. Sannan maras lafiya ya iso da ransa.

Sudan ta yi abin a yaba a nan, kuma da wuri. Ta shiga Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya a 1958, shekara biyu da samun 'yanci. Bayan asibitin Zarra na Khartum, Jami'ar Jazira ta kafa cibiyar likitancin nukiliya a Madani a farkon shekarun 1990, wadda daga baya ta zama Cibiyar Ciwon Daji ta Ƙasa. Ga mutumin Mafaza, Madani ce ƙofa mafi kusa. Mafi yawan aikin irin waɗannan sassa a Afirka hoton maƙoƙo ne da na ƙashi da na ƙoda. Na huhu kaɗan ne a ciki. Amma dai kafin yaƙi kyamara tana nan, saniya tana zuwa, akwai waɗanda suka iya karanta hoton.

Ranar 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya ɓarke tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF, kuma filin jirgin saman Khartum, ƙofar da sinadaran ke shigowa, yana cikin wuraren da aka fara gwabzawa. Asibitin Zarra ya tsaya. Marasa lafiya da likitoci suka kwarara Madani. A Disambar shekarar Madani ma ta faɗi, aka sake ɗaure kaya, wasu Gadarif, wasu Kasala, wasu Bur Sudan, wasu Masar. Soja sun karɓe Madani a Janairun 2025, Khartum a Maris. Karɓe gari kwana ɗaya ne. Mayar da sarƙar da na lissafa a sama, zobe bayan zobe, da dawo da ƙwararrun da suka watsu Saudiyya da Alƙahira, wani aiki ne daban.

Me ya sa ba za a haƙura da shi ba

Wani likita zai ce ai duniya ta wuce wurin. Akwai gaskiya a maganarsa. Babban binciken da aka yi a Amurka kan mutum sama da 900, wanda aka buga a 1990 da sunan PIOPED, ya nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na hotunan V/Q na wancan zamani ba su ce e ba, ba su ce a'a ba. Da na'urar siti-sikan mai sauri ta bazu, sai ta ƙwace kasuwa: a ɗura wa mutum ruwan aidin a jijiya, cikin daƙiƙoƙi a ga gudan jinin ƙuru-ƙuru. Ba ta buƙatar saniya, wuta kawai take so da ruwan allura da ke ajiyuwa a kabad. Ga jiha kamar Gadarif, siti mai aiki dare da rana ya fi kyamarar gama amfani nesa, kuma duk mai riƙe da kasafin kuɗi ya kamata ya fara da ita.

Amma akwai mutanen da siti ba ta yi wa daidai. Mai raunin ƙoda, ruwan aidin na iya ƙarasa ta. Wasu jikinsu ba ya karɓar sa sam. Mace mai ciki ko matashiya, siti tana zuba wa nono haske fiye da hoton nukiliya, shi ya sa likitoci da yawa ke zaɓar na biyun in hoton ƙirjinta ya fito lafiya. Kuma hoton jini da ya fito cif ba rami, amsa ce yankakkiya: babu jalɗa, a nemi wani abu. Kyamarorin yanzu masu zagaya jiki suna yanka hoton faifai-faifai sun rage yawan amsar rabi-da-rabi ƙwarai.

Dalili mafi nauyi ga gaɓar Rahad yana cikin ruwan tur'a ne. Bilharziya, wadda a gida muke kira tsargiya, ta daɗe da zama a gonakin Jazira da Rahad, musamman nau'inta mai kama hanji da hanta. Bayan shekaru, ƙwayayen tsutsar suna sa hanta ta yi tauri, saifa ta kumbura, jijiyoyin maƙogwaro su cika su yi tsuru-tsuru suna jiran abin da zai fasa su. Aman jini ciwo ne da asibitocin tsakiyar Sudan suka sani sarai. A wasu mutanen kuma cutar takan kai ga jijiyoyin huhu, su ƙuntata, hawan jini na huhu ya kama mutum: manomi ɗan shekara arba'in ya kasa kai buhu bakin lori, ƙafa ta kumbura, numfashi ya gajarta.

Irin waɗannan alamu, sak, su ne na mutumin da tsohuwar jalɗa ba ta narke ba, ta zama tabo a jijiyoyin huhu. Kashi biyu zuwa huɗu cikin ɗari na waɗanda suka tsira daga toshewar huhu sukan faɗa wannan hali. Su suna buƙatar maganin tsinka jini har ƙarshen rai, wasunsu kuma tiyatar kankare jijiya tana warkar da su sarai. Mai tsargiya kuwa, in aka ɗora shi kan maganin tsinka jini bisa zato, ana iya buɗe masa ƙofar aman jinin da ba zai tsaya ba. Mutum biyu, alamu iri ɗaya, maganin ɗaya ajalin ɗaya. Gwajin da likitocin zuciya da huhu suka yarda a fara da shi don raba su, har gobe, V/Q ne, domin siti takan tsallake tsohon tabo.

Abin da ke hannu

Mai jegon nan ba za ta ga kyamarar gama ba yau, kuma da damina, in laka ta baƙar ƙasar Gadarif ta jiƙa, ko babban asibitin jiha ba kullum ake kai wa a yini ba. Duk da haka likitanta ba hannu rabbana yake ba. Maganin jalɗa ya girmi hotonta. A 1960, a Biristol ta Ingila, Barritt da Jordan suka raba marasa lafiya 35 gida biyu: cikin 19 da ba a ba maganin tsinka jini ba, biyar suka mutu da toshewar huhu, cikin 16 da aka ba, ba wanda ta kashe. Allurar hefarin ba ta da tsadar a zo a gani, ba ta ratsa mahaifa, ba ta hana shayarwa. Warfarin mai ciki ba ta shan sa, amma mai jego tana iya sha in akwai inda za a riƙa auna jininta. Ƙa'idar da ake koya wa ɗaliban likita ita ce, in zato ya yi ƙarfi kuma ba alamar zubar jini, a fara magani, hoto ya biyo baya.

Sannan tushen ɓarnar yana ƙafa, ƙafa kuwa ba ta buƙatar nukiliya. Na'urar sikanin da ake duba masu ciki da ita, in an sa mata kan da ya dace, tana iya duba jijiyar makwankwaso da ta bayan gwiwa. A danna: lafiyayyar jijiya takan lotse ta rufe, mai gudan jini ta ƙi. In aka ga haka a ƙafar mai haki, an gama magana, maganin ɗaya ne da na huhu. Horar da ma'aikaci wannan dannawa aikin kwanaki ne, ba shekaru ba, kuma a ganina a nan ya kamata kuɗin farko ya tafi, tun kafin a fara zancen siti.

Ƙasa da sikanin ma akwai wani abu. Likitan Kanada Philip Wells ya tsara jerin alamomin da ake ƙirgawa a bakin gado don auna ƙarfin zato: ko an yi tiyata ko doguwar kwanciya kwanan nan, ko zuciya na bugawa sama da ɗari a minti, ko an yi tarin jini, ko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kauri. Wannan na ƙarshe da tef ɗin tela ake auna shi, irin wanda ke rataye a wuyan kowane maɗinki a kasuwar Mafaza. A nemi ɗan tudun ƙashin da ke ƙasan gwiwa, a sauko santimita 10, a zagaya sharaɓa, a rubuta. A yi wa ɗaya ƙafar haka. In bambancin ya wuce santimita 3, kada a bari ungozoma ta murza ƙafar da man zafi, kada a jira a ga yadda za ta kwana. A nemo mota.